Na ce wa surukata camfi jahilci ne, yanzu ni ma tsoro nake ji

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 24, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Muna zaune a babban gidansu maigidana a cikin birnin Zariya, sashenmu yana kallon na mahaifiyarsa. Ina da cikin fari wata bakwai. Mahaifiyata ta rasu tun ina sakandare, shi ya sa Hajiya ta ce ita za ta riƙe ni har in yi arba'in.

Tun da cikin ya fito dokoki suka yi mini yawa. Kada in ci ƙwai, wai zan haifi ɓarawo. Kada in fita da tsakar rana ko da almuru. Kada in zauna a bakin ƙofa ko a kan turmi, kada a tsallake mini ƙafa, kada in yi shara da dare. Ta ba ni allura in riƙa sokewa a gefen zane. Ta hana a sayi ko rigar jariri ɗaya kafin a haihu. Ta riga ta tara itace da kanwa, ta kuma ce ranar suna wanzaminsu zai cire wa jaririn belu kamar yadda aka yi wa duk 'ya'yan gidan.

Rannan ta ga ɓawon ƙwai a kwandon sharata, ta yi ta faɗa a tsakar gida. Raina ya ɓaci, na ce, "Hajiya, wannan fa jahilci ne, kuma shirka ce." A gaban matan gida na faɗa. Tun ranar gaisuwata kawai take amsawa, ita ma a daƙile. Maigidana ya ce in yi haƙuri in bi, haka aka haife su, ga su nan ba abin da ya same su.

Ana cikin haka na dawo daga awo da rana tsaka, ban sa allurar ba. Bayan kwana uku zazzaɓi ya kwantar da ni. Gwaji ya nuna maleriya ce, na sha magani na warke, amma matan gida sai cewa suke "ga irinta nan". Yanzu ni da bakina na ce shirka ce, na mayar da allurar a ɓoye, ba na iya barci sosai. Kwanan nan kuma na ji cewa Hajiya ta binne 'ya'ya uku kafin ta sami maigidana. Anti, in bi ta ne ko in tsaya a kan abin da na sani?

Wata 'yar'uwa, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya raba ku lafiya da abin da ke cikinki. Na rage tsawon wasiƙarki, na cire sunan unguwa da na makaranta, don cikin birni kowa ya san kowa.

Bari in fara da zazzaɓin, domin na lura shi ya fi hana ki barci. Maleriya ba ta kwantar da mutum ranar da ta shiga jikinsa. Daga cizon sauro zuwa ranar da jiki zai ɗau zafi akan yi aƙalla mako guda, galibi ma kwana goma zuwa mako biyu. Ke kuwa kwana uku ne tsakanin dawowarki daga awo da kwanciyarki. Ashe ranar da kika ratso rana ba allura, ciwon ya riga ya zauna a jikinki, lokacinsa kawai yake jira. Sauron da ke kawo shi ma da dare yake cizo, a ɗaki, kina kwance. Mai cikin fari kuma ta fi sauran mata saurin kamuwa, saboda ciki yana rage wa jiki ƙarfin kare kansa, ƙwayar cutar kuma tana son maƙalewa a mabiyiya. Ko allura goma kika soka a zane ranar, kwanciyar nan sai kin yi ta. Abin da zai tsare ki nan gaba gidan sauro ne kowane dare, da maganin nan na Fansida da ake ba masu ciki su haɗiya a wurin awo wata-wata.

Mayar da allurar da kika yi kuwa, kada ki tsani kanki a kai. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud cewa camfi shirka ne, kuma a cikin riwayar aka ce babu ɗayanmu da irin wannan ba ya ɗarsuwa a ransa, sai dai Allah yana tafiyar da shi da tawakkali. Idan mutanen wancan zamani sun san wannan ɗar-ɗar, ina ga mai cikin fari wadda ba uwa a kusa, mata sun kewaye ta suna "ga irinta nan"? Haka zuciya take, tana riƙe rana ɗaya da camfi ya yi daidai, ta manta ranaku ɗari da bai yi ba. Ki leƙa kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada da azahar ki ƙirga masu ciki da ke saye da sayarwa a rana. Suna haihuwa lafiya, ba mai ba da labarinsu. Ki zare allurar, ko don kada wata rana ki zauna a kanta.

Sai Hajiya. Layin wasiƙarki da kika ce ta binne 'ya'ya uku shi ya kamata ki fi tsayawa a kai. Macen da ta yi wabi, ta ɗauki ciki sau uku, ta yi naƙuda sau uku, ta ga an fita da su a ƙaramin likkafani, ba ta kallon ciki yadda kike kallonsa. Ke kina lissafin suna da kayan barka, ita kuwa ta san ana iya yin wankan jego ba jariri a gado. Hana sayen kayan jariri da kike gani ƙauyanci, mai yiwuwa ta taɓa naɗe irin waɗannan kaya ta rasa inda za ta sa su. Na huɗun ya rayu, kuma duk abin da ta yi a goyonsa, allura ce, laya ce, belu ne, a wurinta shi ya yi aiki. Yanzu ɗan nan nata ne zai haihu, ga kuma marainiya a hannunta wadda idan wani abu ya same ta duniya za ta ce ba a kula ba. Da ba ta damu da ke ba, da ba ta ɓata kuɗinta a itace ba.

Saboda haka kalmar nan ta jahilci ta yi nauyi, ƙanwata, kuma a gaban surukanta da jikokinta aka jefe ta da ita. Ta shirka ta ma fi ciwo ga tsohuwar da ƙila ta riga ki tashi sallar asuba yau shekara arba'in. Ko iyayen da ke jan ɗansu zuwa shirka ta gaske, abin da Allah ya ce a Suratu Luƙman, aya ta 15, shi ne kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Ki ba ta haƙuri, kada ki jira ta huce da kanta. Ki zaɓi safiya tana ita kaɗai, ki shiga da ɗan abin da kika san tana so, goro ko turare, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, bakina ya yi kaifi, na yi kuskure. Ba ni da uwar da ta wuce ki. Ki yafe mini." Ki tsaya a nan. Kada ki ƙara "amma", kada ki tayar da zancen ƙwai. Haƙurin da kike bayarwa na harshe ne, bai ɗaure ki da bin kowace doka ba. Kuma tunda a gaban mata aka yi, ki bari su ga kina kai mata abinci, kina tambayarta yadda ake abu. Idan ta yi miki kicin-kicin kwana biyu, ki jure, haƙƙinta ne.

Tambayarki kuwa, in bi ko in tsaya, kin haɗa abubuwan da ba nauyinsu ɗaya ba a kwando guda, shi ya sa ta gagare ki. Daina tambayar kanki wanne ne gaskiya wanne ne ƙarya. Tambayi abin da kowanne zai ci miki idan kika bi shi.

Mafi yawansu ba za su ci miki komai ba. Me za ki rasa idan ba ki zauna a kan turmi ba? Bakin ƙofa dama ba wurin zama ba ne, ga masu wucewa da tukunyar ruwan zafi. Shara da dare, a ganina, doka ce ta zamanin aci-balbal, lokacin da tsintsiya kan kwashe kwabo da ɗan kunne a duhu, hannu kuma ya ci karo da kunama. Iyayenmu ba su cika zama yi wa yaro dogon bayani ba, sai su rataya wa abu aljani ko tsiya a wuce wurin, dalilin ya ɓace, tsoron ya rage. Irin waɗannan ki bar mata su, ki bi ba tare da zuciyarki ta yarda cewa tsintsiya na korar arziki ba. Na almuru ma tana da gaskiya, kuma zai yi kyau ta ji haka daga bakinki: Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarnin a tsare yara a gida idan dare ya kawo kai, a rufe ƙofofi da ambaton Allah, a rufe ƙorai. Kambun baka da take tsoro shi ma addini bai ƙaryata shi ba. Tsakar rana ce matsala tunda kina aiki, kuma lokacin tashi ke nan. Zafin Zariya a watan Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne ga mai ciki ko ba aljani, don haka ki riƙe lema da gorar ruwa, ki hau Keke maimakon takawa. Idan za ki fita ki biya ta ƙofarta ki yi sallama, ki karanta "Bismillahi tawakkaltu alallah" yadda za ta ji, ki ce ta sa miki albarka. Tsohuwar da aka nemi addu'arta da wuya ta tsaya binciken gefen zane.

Allura da laya da wuƙar da za ta so sa wa jariri a ƙarƙashin matashi, su ne suka taɓa aƙida, kuma ban ce ki yi wasa da su ba. Malamai sun yi saɓani a kan layar da ayar Alƙur'ani ce zalla a ciki, amma dogaro da ƙarfe ya kori aljani ba shi da madafa. Sai dai ki san girman abin da kika tunkara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu a kan irin waɗannan al'adu a Nurul Albab da Ihya'us Sunna fiye da shekara 200 da suka wuce. Hadisin da ya ce babu camfi, babu shu'umcin mujiya, babu na watan Safar, almajirai sun haddace shi, amma har gobe akwai gidajen da ba a ɗaura aure ko tafiya ranar Larabgana, kuma mujiya ta yi kuka a rimi sai an yi salati. Abin da bai mutu a hannun Shehu ba, tsawa ɗaya a tsakar gida ba za ta kashe shi ba. Kuma ba a karɓe wa mai tsoro abin da ya riƙe a bar hannunsa wayam. Akwai addu'ar da Annabi yake yi wa jikokinsa Hasan da Husaini, Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo ta da wannan lafazi: "U'izukuma bi kalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah." Kaka ne ya yi wa jikoki. Ki ce wa Hajiya kina so ita ta riƙa yi wa jaririn tofinta safe da yamma. Kin ba ta aiki ke nan, kin kuma ba ta matsayi. Zare a wuyan jariri dai kada ki yarda, yana iya shaƙe shi, wuƙa kuma ba ta kwana kusa da ɗan da ke motsi.

Ƙwai kuwa ki ci abinki, dafaffe sosai. Abin dariya, ban taɓa jin an ce ƙwai yana sa maigida sata ba, kullum mai ciki da yaro ne. Ina zaton asalin dokar kare akurki ne, don yaron da ya san daɗin ƙwai ba zai bar kaza ta ƙyanƙyashe ba. Jikinki yanzu yana gina wani jiki, yana buƙatar ƙwai da wake da awara da gyaɗa da kifi da nama da nono da zogale. Amma ba dole a ci shi a idonta ba. Ki ci a makaranta ko a ɗakinki, ki daina barin ɓawon inda za a gani. Idan ta tambaye ki kada ki yi mata ƙarya, ki ce a wurin awo aka ce ki ci. Kayan jariri ma haka: ki sayi abin da asibiti ya rubuta miki, ki haɗa jaka, ki ajiye a gidan wata 'yar'uwarki ko a ƙasan akwati. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda nake so ki kafe, ki tara duk ƙarfinki a wurin, shi ne duk abin da zai fitar da jini, ko ya shiga cikinki, ko ya shiga bakin jariri. Belu ba ciwo ba ne, halitta ce, kowa da shi aka haife shi, kuma ba ya kumbura ya fashe ya kashe yaro kamar yadda ake faɗa. Ɗan kwana bakwai jininsa bai gama iya daskarewa ba, shi ya sa ake yi wa jarirai allurar bitamin K a asibiti. Jinin jikinsa gaba ɗaya bai fi cikin kofin shayi babba ba, abin da babba zai zubar bai ji ba shi yana iya tafiya da shi. Ga jinin da kan gangara hanyar numfashi, ga ƙin kama nono saboda ciwon maƙogwaro, ga tetanus da ciwon hanta da ake ɗauka a ƙarfen da ya shiga bakin wasu. Idan mace kika haifa, duk wani yanka a gabanta, da sunan angurya ko wani suna, shi ma a'a ne.

Kanwa da ruwan zafi kuwa, a garinku aka yi binciken da duniya ta sani a kansu. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Farfesa Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, suka fitar da sakamakon a 1978. Ƙiyasin lokacin shi ne kusan haihuwa ɗaya cikin 100 a tsakanin matan Hausawa na Zariya tana ƙarewa da wannan ciwo. Abin da suka zarga shi ne kunun kanwa da ake ɗura wa maijego, da wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki a lokacin da take fitowa daga wahalar ciki. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano ya nuna maganar ta fi haka faɗi, akwai hawan jinin masu ciki, da ramar uwa, da ƙarancin wani sinadari a abinci, kuma wadda ba ta taɓa shan kanwa ba ma tana iya kamuwa. Duk da haka ba likitan da zai ce wa maijego ta yi ta shan gishiri kwana arba'in. Nan ma akwai tsaka-tsaki. A yi wankan, da ganyen darbejiyarsa da komai, amma a sirka ruwan har ki iya tsoma gwiwar hannu ki bar ta a ciki. Idan tiyata aka yi miki ko ɗinki, sai abin da likita ya ce. A yi ƙauri, a yi farfesu, a dama kunun gyaɗa da na tsamiya. Na kanwa ki kurɓa kaɗan don fita kunya idan jininki lafiya yake, idan ya hau ko kurɓar babu. Kuma a watannin bayan haihuwa, idan kika ji haki, ko ba kya iya kwanciya sai kin jingina, ko tari da dare, ko ƙafa ta kumbura, wannan ba iska ba ce, ba sanyin jego ba ne, asibiti za a tafi ranar.

Akwai waɗanda ba ki ambata ba, amma suna tafe. Za a ce a matse dakashi a zubar don nonon farko ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko na jariri, kuma ana so ya kama nono cikin sa'a guda da haihuwa. Za a kawo ruwa da zuma da jiƙo. Wata shida nono kaɗai ya ishe shi, zuma kuma ba a ba yaro sai ya shekara. Idan an kawo rubutu, ke ki karɓa. Ɗan shafa dabino a ganɗarsa sunna ce, ki bar kakanninsa su yi da hannu mai tsabta. Cibiya ba a gasa ta da tsumma mai zafi, ba a sa mata toka ko man goge baki, akwai maganin shafawa da ake bayarwa a asibiti. Idan idonsa ko jikinsa ya yi rawaya, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya ƙi nono, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wannan yaƙin kuma ba naki ba ne ke kaɗai, na maigidanki ne, kuma a nan nake da magana da shi. Na san matsayinsa da wuya. Shi ne ɗan da ya tsaya bayan uku sun tafi, ya girma yana ganin uwar da ke firgita idan ya yi atishawa, ba zai so ya zama shi ne mai ce mata a'a ba. Amma "haka aka haife mu, ga mu nan" magana ce ta wanda ya rayu. Yayyensa uku ba su nan balle su ba da nasu labarin. Ban ce belu ko kanwa ne ajalinsu ba, Allah ne masani, kuma kada ki kuskura makamanciyar wannan magana ta kai kunnen Hajiya. Shi kaɗai za ki tuna wa, a ɗaki, cikin sanyin murya. Kada ki kai masa dokoki goma sha, zai ji kamar ƙarar uwarsa kika kawo. Ki ce masa kin bar wa Hajiya komai, abu uku kike roƙo: haihuwa a asibiti, kada ƙarfe ya shiga bakin jariri, sai sassauta kanwa da zafin ruwa. Kuma idan zai faɗa mata, ya ce shi ya yanke, ko likita ya gargaɗe shi. Ranar da ya ce "ita ce ta ce", an koma gidan jiya.

Maganar wanzami ma ta fi sauƙi fiye da yadda kike zato, domin a zaure ake gama ta. Maigida ke kiransa, shi ke sallamarsa. Ya same shi tun kafin haihuwa, ya ce masa aski kawai za a yi, da sabuwar reza da za a ɓare a gabansu, kuma ladansa da kasonsa na suna ba za a rage ko kwabo ba. Askin ranar bakwai sunna ne, wanzamin gidan ya yi aikinsa, Hajiya ta ga ba a kore shi ba. Ranar kuma maigidan ko wani da kuka amince da shi ya riƙe jaririn da kansa har a gama, don a hayaniyar suna ake shammatar uwa.

Ki gwada kuma gayyatar Hajiya ta raka ki awo. Ki ce tsoro kike ji, ba ki da wadda za ta tsaya miki. Abin da ba za ta karɓa daga bakin suruka 'yar shekara 24 ba, tana iya karɓa daga ma'aikaciyar jinya mai furfura. Ki ɗan raɗa wa ma'aikaciyar tun kafin ku shiga, sun saba da irin wannan. Idan akwai wata 'yar'uwar mijinki da take jin maganarta, ko malamar Islamiyyarsu, ko ƙaninta, su ma hanya ce. A Zariyar nan Farfesa Kelsey Harrison ya tattara bayanan haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, kuma babban abin da ya fito shi ne matan da ba su yi awo ba, aka kawo su a makare, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Al'adar nan ta mai cikin fari ta danne naƙuda don kunya har ta kwana biyu tana murƙususu, da yankan gishiri idan haihuwa ta yi gardama, suna cikin abin da ke jawo yoyon fitsari. Ciwo ya fara, ki faɗa.

Idan kin yi duk wannan, maigidan ya kasa tsayawa, Hajiya ta ce belu sai an cire, to al'adar da kanta ta ba ki mafita. Haihuwar fari a gidan su mace ake yi, kuma rasuwar uwa ba ta soke goyon ciki. Mahaifinki ko wanda ke madadinsa yana iya aikowa cikin girmamawa cewa dangi suna so 'yarsu ta zo wurin goggonta ko yayarta ta haihu ta yi wanka. Ba wanda zai kira wannan yaji. Na sa shi a ƙarshe ne don yana da tsada: Hajiya ta riga ta ce ita ce uwarki, za ta ji an ƙwace mata, kuma gidan nan za ki dawo bayan arba'in. Sannan ki fara bincika goggon, kada ki guje wa kanwar wani gida ki tarar da wadda ta fi ta. Amma idan zaɓi ya rage tsakanin ɓacin ran Hajiya da aska a maƙogwaron jariri, ki tafi, a yi biko da ban-haƙuri daga baya.

Wata biyu ya rage, ƙila bai kai ba. A wannan makon ki ba da haƙuri, mako mai zuwa ku zauna da maigidan. Ku tsayar da asibitin da za ki haihu, ku san daga cikin birni asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ya fi kusa, asibitin koyarwa na Shika kuwa tafiya ce, musamman da tsakar dare. Ku riƙe lambar mai mota ko mai Keke biyu da za su ɗaga waya ƙarfe biyun dare, ku ware kuɗi, ku san wanda zai ba da jini idan an buƙata. Kafin lokacin, zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, fashewar faya, ko ɗan ya rage motsi, ba a jiran gari ya waye ko a nemi izinin kowa. A awo na gaba kuma ki faɗa musu kin yi maleriya, ki ce a duba yawan jininki tare da hawan jini da fitsari, domin zazzaɓin yakan bar mai ciki da ƙarancin jini ko bayan ta ji ta warke.